Goma Ga Wane Wata? Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Filinge Kan Ranar Biyan Bashi

Masu iya magana sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Mun yarda da wannan magana ƙwarai da gaske, amma fa bisa sharaɗi guda, wato ya kasance mai sa ranar da wanda aka sa wa, rana ɗaya suke nufi. Domin kuwa abin da muke gani a kasuwanninmu na ƙasar Kurfai da kewaye ya nuna mana cewa sau da yawa mutum biyu kan yi ciniki, su sa ranar biya, su rabu suna dariya, alhali kowa da ranar da ya tafi da ita a cikin zuciyarsa. Wannan ne dalilin da ya sa yau muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan uwanmu 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu saye da sayarwa, a kan wani abu da ake ganin ƙarami ne, amma ya raba abokan ciniki masu yawa.

Bari mu fara da abin da ya faru a gabanmu a kakar 2023. Ranar Lahadi 5 ga Nuwamba, ana tsakiyar cin kasuwar Filinge, wata baiwar Allah mai sayen wake tana ajiyewa ta ba wani Alhaji mai lodi zuwa Yamai buhu shida bashi. Sun daɗe suna hulɗa, saboda haka ba a tsaya dogon zance ba. Aka ce za a biya goma ga wata mai kamawa. Ita dai a kan wannan kuɗi ta ɗora shirinta na cikon kayan ɗakin ɗiyarta da aka riga aka sa wa ranar aure. Da wata ya tsaya sai ta fara ƙirga, ranar da ya kwana goma, wato wajen 24 ga Nuwamba, ta zauna jiran saƙo, shiru kake ji. Ranar Lahadi da ta biyo baya ta tare shi a wajen lodi.

Ta ce, "Haba Alhaji, ba goma ga wata munka yi da kai ba? Ga wata ya wuce goma, ban ji ɗuriyarka ba."

Shi kuwa sai ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Goma ga wata munka yi, ga shi nan na rubuta a gabanki, goma ga Disamba. Da sauran kasuwa biyu."

To mai karatu, wa ya yi ƙarya a cikinsu? Babu. Ita watan sama take nufi, wato goma ga Jimada Awwal, shi kuma watan Bature yake nufi, kuma tsakanin goman nan biyu akwai kwana 16 cur. Kuɗin Alhaji suna kwance a cikin kaya a Yamai, ba shi da halin fiddo su a lokacin. Ala tilas wannan baiwar Allah ta kai tunkiyarta da ɗan ragon da take turka kasuwa ta karyar, don kada ta ji kunyar surukai. Alhaji ya kawo kuɗinta cif ranar 10 ga Disamba kamar yadda ya rubuta, ta karɓa ba ta ce masa uffan ba, kuma tun daga ranar ba su sake ciniki ba. Ita tana ganin ya ci amanarta, shi yana ganin ta tozarta shi a bainar jama'a.

Tushen matsalar shi ne, mu mutane ne masu rayuwa da kalanda biyu a lokaci guda. Azuminmu da sallolinmu da zakkarmu, da ma sa ranar biki a gidaje da yawa, duk da watan Musulunci muke yin su, wanda shekararsa kwana 354 ce ko 355. Albashin ma'aikata da takardun hukuma da rasiɗin kamfanonin aika kuɗi da hutun 'yan makaranta kuwa, duk da kalandar Bature suke tafiya, mai kwana 365 ko 366. Bambancin kusan kwana 11 ne a kowace shekara, shi ya sa watannin nan biyu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wani lokaci su kama kusan tare, wani lokaci kuma ɗaya yana tsakiya ɗaya yana farawa. Duk wanda ya ce maka goma ga wata ya yi shiru, to rabin magana ya faɗa maka.

Abin mamaki shi ne, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin irin wannan tarko a wajen kuɗi. Idan mai kayan miya ta ce miki ɗari, kin san dala ɗari take nufi, wato abin da za a rubuta 500 a takarda, tunda kowace dala sefa biyar ce, dala 200 kuma su ne jika guda. Idan baƙo daga Najeriya ya ce dubu goma, babu wanda zai sallama masa kaya sai ya tambaye shi, naira ko sefa? Haka nan ba ma yarda a ce mana awo goma ba tare da mun ga tiyar da za a auna da ita ba. To me ya sa idan aka zo ga ranar biya, wadda ita ce rabin ciniki, sai mu karɓi lamba tsirararta mu wuce?

Kada mu ɗauka ƙauyanci ne ko rashin ilimin boko ya jawo mana wannan. Ƙasar Japan, wadda ke ƙera motocin Toyota da baburan Honda da Yamaha da muke gani a hanyoyinmu, ita ma tana fama da lissafi biyu. Watanninsu da ranakunsu irin na Bature ne, amma a takardun hukuma da jikin kuɗinsu na ƙarfe, da sarautar sarkinsu suke ƙirga shekara, kusan yadda dattawanmu kan ce an haifi wane a zamanin Diori ko a zamanin Kunce. Da Sarki Hirohito ya rasu ranar 7 ga Janairu 1989, shekara ta 64 ta zamaninsa mai suna Showa ta ƙare tana da kwana bakwai kacal, washegari aka shiga shekara ta ɗaya ta zamanin Heisei. Haka kuma da ɗansa Akihito ya yi murabus ranar 30 ga Afrilu 2019, aka kwanta a shekara ta 31 ta Heisei, aka wayi gari ranar 1 ga Mayu a shekara ta ɗaya ta Reiwa, zamanin Sarki Naruhito. Ke nan shekarar 2019 suna biyu gare ta a can. Bugu da ƙari, a wancan lokaci an samu mutanen da ke riƙe da takardu irin su lasisin tuƙi da aka rubuta za su ƙare a shekara ta 32 ko ta 33 ta Heisei, shekarun da ba su taɓa zuwa ba, sai dai a fassara su zuwa 2020 da 2021.

Wata guda kawai kafin wannan canji, ranar 1 ga Afrilu 2019, aka sanar da sunan sabon zamanin, saboda haka masu rubuta wa kwamfuta umarni a bankuna da ofisoshi suka duƙufa gyare-gyare don kada lissafin jama'a ya rikice. A nan ne muke son mai karatu ya natsu, domin dabarar da suke amfani da ita za ta yi mana amfani ko da ba mu taɓa taɓa kwamfuta ba. Akwai wani harshe da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi mai suna Java, wanda tun 2014 aka zuba masa wani sabon tsarin kwanan wata da ya ƙunshi kalandar Bature da ta Japan da ta Musulunci irin ta Saudiyya. A cikin wannan tsari, idan ka ba na'ura kwanan wata biyu kana son ta faɗa maka ko ɗaya ne, hanya biyu ce ta yin tambayar. Ta farko takan duba har da kalandar da aka rubuta kowanne da ita, don haka idan ɗaya na Japan ne ɗaya na Bature, sai ta ce maka sun bambanta, ko da kuwa yini ɗaya ne. Ta biyu kuwa ba ta damu da sunan wata ko na shekara ba. Takan mayar da kowanne zuwa adadin kwanaki, ta ƙirga kwana nawa ne daga 1 ga Janairu 1970 zuwa ranar, sannan ta gwada lambobin biyu. Mai koyon aiki da ya yi amfani da tambayar farko a inda ta biyu ta dace, zai iya sa na'ura ta ce ba a biya bashi a kan rana ba, alhali an biya.

Misali, ranar Laraba 1 ga Mayu 2019 a wurin Bature, ita ce ranar farko ta zamanin Reiwa a wurin mutumin Japan, ita ce kuma 26 ga Sha'aban 1440 a kalandar Saudiyya. Suna uku ke nan, amma idan aka ƙirga, duk kwana 18,017 ne bayan 1 ga Janairu 1970. Rana guda ce. Mu kuma abin da ya samu Hajiya da Alhaji akasin haka ne, suna ɗaya, rana biyu. Da a ce ranar da suka yi ciniki wani ya tambaye su kwana nawa ke nan daga yau, da ita ta ce kwana 19, shi ya ce kwana 35, kuma da nan take an gane ba a daidaita ba tun wake bai hau mota ba. Ashe dai na'urar da ake ta yabo ba wani sihiri take yi ba, ƙirgen kwana take yi, abin da kakanninmu ke yi da tsakuwa ko ƙulli a igiya.

Wani zai ce to ai magani shi ne kowa ya riƙa faɗin watan Musulunci, a huta. Ko a nan ma da sauran rina a kaba, domin watan da gani ake tsayar da shi, kuma kowace ƙasa da hukumar da ke sanar da ita. A Nijar majalisar addinin Musulunci ta ƙasa ce ke bayar da sanarwa, a Najeriya kuma Sarkin Musulmi ne daga Sakkwato. Idan ba mu manta ba, a 2022 mun yi ƙaramar salla ranar Lahadi 1 ga Mayu, 'yan uwanmu na Najeriya kuwa sai Litinin 2 ga Mayu. Haka aka sake yi a 2024, mu ranar Talata 9 ga Afrilu, su ranar Laraba 10 ga Afrilu. Saboda haka mai sarin atamfa ko takalma daga Kano ko Sakkwato da ta yi alkawarin biya kwana uku bayan salla, ya kamata ta tambaya, sallar wa? Ita ma wayar salula da muke dubawa ba hujja ba ce, domin sau da yawa kwanan watan Musuluncin da take nunawa na kalandar Ummul Ƙura ne ta Saudiyya, wadda da lissafi aka tsara ta tun kafin wata ya tsaya, kuma takan saɓa da tamu da kwana guda.

Ita kanta kalmar salla, wadda masu kiwon turka da dillalan dabbobi suka fi kowa sa rana da ita, tana da nata tarkon. Tsakanin ƙaramar salla da sallar layya akwai wata biyu da 'yan kwanaki, amma sau nawa muka ji an ce sai bayan salla, aka rabu ba a fayyace wace ba? Ko faɗin shekara ma ba kullum yake warware zance ba, domin a 2006 sau biyu aka yi layya, ɗaya a cikin Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Haka nan dare. A lissafin Musulunci da faɗuwar rana sabon yini ke shiga, shi ya sa daren Juma'a a wurinmu shi ne wanda ke biyo bayan yinin Alhamis, amma a rasiɗin aika kuɗi yini ba ya canzawa sai ƙarfe 12 na dare. Wanda ya ce zai turo kuɗi daren Lahadi, wani zai jira su tun Asabar da magariba, wani kuma sai an watse daga kasuwa.

Kada kuma a raina kwana 11 ɗin nan, domin kuɗi ne. Mai hayar shago a kan jika goma duk wata, idan da watan Bature ake lissafi, sau 36 zai biya a cikin shekara uku, idan kuwa da watan sama ne, sau 37 zai biya. Jika goma ke nan ta tafi ko ta zo, gwargwadon wanda bai yi tambaya ba. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, da yawa mako-mako suke zama, don haka wata a bakinsu mako huɗu ne, kwana 28. Ke nan kalmar wata a kasuwa guda tana iya nufin kwana 28 ko 29 ko 30 ko 31. Gwamnatoci sun san darajar wannan bambanci sarai. A Japan, da watan 12 na shekarar 1872 ya kwana biyu, sai hukuma ta ce gobe 1 ga Janairu 1873 ce, aka bar tsohuwar kalandarsu ta wata, kuma masana tarihi na cewa rage nauyin albashi na daga cikin dalilan gaggawar. Ita ma Saudiyya a watan Oktoba 2016 ta daina biyan ma'aikatanta da watan Musulunci ta koma lissafin shekarar rana, abin da ya rage mata biyan kusan kwana 11 a kowace shekara. Idan manyan ƙasashe ba su raina waɗannan kwanaki ba, ina dalilin mai jarin buhu shida ta raina su? Haka kuma ɗan kasuwar da ke fitar da zakkarsa duk ƙarshen Disamba ya sani cewa da shekarar wata zakka ke cika, yana jinkirta haƙƙin talakawa ba tare da ya lura ba.

Mun san za a ce yawan tambaya da rubuce-rubuce alamar rashin yarda ce, kuma kasuwarmu da amana aka gina ta. Gaskiya ne da amana aka gina ta, amma ai Hajiya da Alhaji ma amana ce ta hana su tsayawa su fayyace, ga shi yanzu babu amanar babu cinikin. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ballantana ma ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma umarnin da ke cikinta shi ne a ƙayyade lokacin biya, a rubuta, a kafa shaidu. Za a kuma ce yawancin iyayenmu mata ba su yi boko ba. Wannan ma ba uzuri ba ne a yau, tunda akwai masu rubutun ajami a kowace unguwa, akwai 'ya'yanmu 'yan makaranta, akwai kuma saƙon murya a waya da kowa ke iya aikawa ya ajiye. Masu cewa a watsar da watan Musulunci a kasuwa gaba ɗaya kuwa, ba mu tare da su. Mutanen Japan da duk ci gabansu ba su watsar da lissafin sarakunansu ba, koyon fassara shi suka yi.

Shawarwarinmu ba masu wuya ba ne. Na farko, duk wanda aka ce masa goma ga wata, ya tambaya goma ga wane wata, a kira sunan watan da baki, in da hali a faɗi na Musulunci da na Bature gaba ɗaya. Na biyu, a haɗa da sunan yini da adadin kasuwanni, domin Lahadi dai Lahadi ce a kowace kalanda, a Filinge da Yamai da Sakkwato har da Japan. Idan aka ce Lahadi ta biyar daga yau, kwana 35 ke nan, to babu ganin wata ko rashin ganinsa da zai gusar da ita. Na uku, mai karɓar bashi ya maimaita ranar da bakinsa a gaban shaida, sannan a rubuta ko a ɗauka a waya, kowa ya riƙe nasa. Na huɗu, masu hulɗa da 'yan kasuwar ƙetare su guji sa rana da salla kawai, masu haya da masu asusu kuma su fayyace tun farko irin watan da suke nufi.

Muna kuma kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da dillalai da su mayar da wannan al'ada, ta yadda dillalin da ya sheda ciniki ba zai karɓi la'adarsa ba sai ya ji an faɗi yinin biya ƙarara. Gidajen rediyon da ake saurare a yankinmu su ma za su taimaka matuƙa idan kowace safiya suka riƙa faɗin yini tare da kwanan wata biyun, kamar yadda malamanmu za su taimaka idan suka riƙa tunatar da jama'a hukuncin bashi a wajen wa'azi. A wannan lokaci da matsalar tsaro ta sa tafiye-tafiye suka yi wuya a jihar Tilaberi, ciniki da yawa ya koma ta waya, mai kaya da mai saye ba sa ganin juna sai an daɗe, buƙatar fayyace rana ta fi ta kowane lokaci.

Daga ƙarshe, muna roƙon uwa ko 'yar uwa da ta ji an karanta mata wannan shafi, idan Allah Ya kai mu Lahadi mai zuwa wani ya ɗauki kayanta ya ce sai goma ga wata, ta riƙe bakin buhunta tukuna ta ce, "Alhaji, kasuwa nawa ke nan daga yau?" Allah Ya sa albarka a cikin neman da muke yi, Ya ba masu bashi ikon biya a kan lokaci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.